Godiya Ga Manomi: Yadda Ƙauye Da Birni Suke Riƙe Da Juna

Gabatarwa

Kowace safiya a biranen ƙasar nan miliyoyin mutane suna karya kumallo da koko da ƙosai, ko tuwon masara, ko shinkafa da wake, sa'an nan su nufi ofis ko kanti ko masana'anta. Kaɗan ne daga cikinsu suke tsayawa su tambayi kansu inda wannan abinci ya fito, da irin hannayen da ya bi kafin ya iso akushinsu. Shekaru sittin da suka wuce wannan tambaya ba ta da wuyar amsawa, gama yawancin jama'a a ƙauye suke, wanda yake birni ma yana da gona a bayan ganuwa. Ƙidayar shekarar 1963 ta nuna mutanen Nijeriya sun kai miliyan 55 da 'yan kai, ta 2006 ta nuna miliyan 140, yanzu kuwa sun haura miliyan 200, kuma fiye da rabinsu a birane suke zaune. Ma'anar wannan ita ce, kowane manomi guda yana ɗauke da bakunan da ba na gidansa ba, waɗanda bai san su ba, su ma ba su san shi ba.

Nufin wannan ɗan littafi shi ne ya bayyana wa jama'a yadda zaman ƙauye da na birni suke rataye da juna, da kuma hakkin da kowane ɓangare yake da shi a kan ɗan'uwansa. Domin a ga abin a fili, an ɗauki misali da garin Ibeto na ƙasar Kontagora a Jihar Neja. Abin da aka faɗa game da Ibeto ya shafi dubban garuruwa irinsa daga Sakkwato har Adamawa.

Ibeto Da Ƙasar Kontagora

Ibeto yana yamma da Kontagora, a kan hanyar da ta nufi Yawuri. Yana cikin Ƙaramar Hukumar Magama wadda hedkwatarta take Nasko, a ƙarƙashin masarautar Sarkin Sudan na Kontagora. Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi ne ya kafa garin Kontagora wajen shekarar 1864. Kafin shekarar 1976 wannan yanki yana cikin Jihar Arewa maso Yamma. Ran 3 ga Fabrairu, 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta ƙirƙiro Jihar Neja, aka mai da Minna babban birninta. Ita ce jihar da ta fi kowace faɗin ƙasa a Nijeriya, kuma yawancin wannan ƙasa mai nomuwa ce.

Mutanen Ibeto da kewayensa sun haɗa da Kambari, waɗanda suka daɗe da suna wajen riƙon fartanya, da Hausawa manoma da 'yan kasuwa, da Fulani makiyaya. Damina takan sauka a nan tun wajen ƙarshen Afrilu ko watan Mayu, ta ɗauke a Oktoba, watau ta fi ta Katsina ko Sakkwato tsawo. Saboda haka ƙasar tana karɓar dawa da masara da gero da wake da gyaɗa, fadamunta kuma suna ba da shinkafa. A cikin gonaki akwai itatuwan kaɗanya da ɗorawa waɗanda manomi ba ya sarewa in yana sassabe, domin daga gare su mata suke samun man kaɗe da daddawa. Jihar Neja tana kan gaba a jihohin da ake samun 'ya'yan kaɗanya a ƙasar nan.

Wahalar Da Take Cikin Mudu Guda

Mutumin birni yakan ga hatsi ne a ranar da ya je awo. Shi kuwa manomi ya fara wannan mudun tun cikin bazara, sa'ad da yake sharar gona yana kai taki, rana tana dukansa. Da ruwa ya sauka sai huɗa da shuka. In ruwan farko ya yaudare shi, aka yi kwana goma ko sha biyar ba a sake samun wani ba, irin ya ƙone ke nan, sai ya nemi wani ya sake shukawa. Bayan shuka ta fito sai noman firi, bayansa maimai, ga kuma sa takin zamani a kan kari, domin masara in ba ta sami taki a makonninta na farko ba, ba ta yin abin kirki ko da an zuba mata daga baya.

Tsakanin watan Yuli da Agusta shi ne lokacin da aiki ya fi tsanani, kuma shi ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Sau da yawa magidanci yakan fita gona da abinci kaɗan a cikinsa, wani ma ya bar tasa gonar ya tafi ƙwadago a ta wani domin ya samo abin da iyali za su ci ranar. A nan ne mai ƙaramin ƙarfi yakan faɗa hannun masu ba da falle, watau ya karɓi kuɗi kaɗan da damina a kan zai biya da buhu in kaka ta yi.

Abokan gāba kuma suna nan kowace shekara. Akwai ƙuduji, wanda wasu suke kira wuta-wuta, mai tsotse saiwar dawa da gero. Akwai tsuntsayen jan-baki masu sauka kan shinkafa. Tun shekarar 2016 kuma an sami baƙuwar tsutsa mai cin zuciyar masara, wadda asalinta daga nahiyar Amurka ne. Wanda ya tsira daga waɗannan duka sai ya shiga girbi, da ɗaurin dami, da jigila zuwa gida, da sussuka da shiƙa. A wannan mataki aikin mata da yara ba shi misaltuwa. Su ne masu roron wake da tsinkar gyaɗa, su ne masu turara shinkafa, su ne kuma suke mai da gyaɗa mai da ƙuli-ƙuli. Duk wanda zai gode wa manomi, lalle ya sa matan ƙauye cikin godiyarsa.

Tafiyar Buhu Daga Gona Zuwa Birni

In buhun wake ya bar gona a ƙasar Ibeto, yakan hau amalanke ko babur zuwa kasuwar ƙauye. A nan mai awo zai auna, dillali ya sasanta ciniki, ɗan kwarami ya tara mudu-mudu har ya cika buhuna, 'yan dako su loda wa mota. Daga Kontagora hanya ta rabu. Wadda ta yi kudu tana bi ta Mokwa, ta haye Kogin Kwara a gadar Jebba, ta ratsa Ilori zuwa kasuwar Bodija a Badun da kasuwar Mile 12 a Legas. Wadda ta yi gabas tana bi ta Tegina zuwa Minna da Abuja, ko kuwa zuwa Kaduna da kasuwar Dawanau a Kano. Wadda ta yi arewa tana ratsa Yawuri da Jega zuwa Sakkwato.

A kowane zango akwai wanda yake cin abinci daga wannan buhu: direba da yaron mota, mai sayar da mai, bakanike, mai tuwo-tuwo a tasha, mai rumfa a kasuwar birni, mai injin niƙa, har zuwa ga matar da take suyar ƙosai a bakin titi tana biya wa 'ya'yanta kuɗin makaranta. Masara kuma ba ta tsaya ga tuwo ba. Ita ce babban abincin kajin gidan gona, saboda haka farashin ƙwai a Legas yana bin farashin masara a kasuwannin Arewa. Dawa tana shiga masana'antun abin sha, man kaɗe kuma yana ƙetare teku zuwa masu yin man shafawa da alewar cakulan a Turai.

Ashe ke nan gonar da take bayan garin Ibeto tana ba mutane da yawa aikin yi a wuraren da mai ita bai taɓa zuwa ba.

Abin Da Birni Yake Mayarwa Ƙauye

Motar da ta kai hatsi kudu ba ta komowa fayau. Takan dawo da gishiri da manja da goro da sabulu da tufafi da kwanon rufi da siminti. Takin yuriya da manomi yake zuba wa masara daga iskar gas ake sarrafa shi a masana'antun da suke kusa da Fatakwal da Legas. Famfon feshi, da injin ban ruwa, da injin casar shinkafa, duk ta hannun 'yan kasuwar birni suke isowa. Kuɗin da ɗan birni ya biya a wurin awo su ne suke zama sadaki da kuɗin asibiti da kuɗin littattafai a ƙauye.

Har ila yau akwai ilmi. Tun shekarar 1922 ake binciken aikin gona a Samaru ta Zariya, wurin da ya zama wani sashe na Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Daga can ne ingantattun irin dawa da masara da gyaɗa da wake da yawa suka fito. A cikin Jihar Neja kanta akwai Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa a Badeggi kusa da Bida, wadda take da hannu a irin shinkafar nan da ake kira FARO, musamman FARO 44 da ta bazu a fadamun Arewa. A Badun kuma akwai cibiyar binciken noman ƙasashe masu zafi ta duniya, wadda aka kafa a 1967. Aikin masanan waɗannan wurare ba shi da amfani sai ya isa gona ta hannun malamin gona, shi ma manomi amfaninsa ba ya ƙaruwa sai ya karɓi shawara ya gwada.

Wani abin da ake yawan mantawa shi ne, ƙauye ya ba birni abin da ya wuce abinci. Sa'ad da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a shekarar 1968, tafkin da ya taru ya cinye tsohon garin Bussa da ƙauyuka masu yawa na ƙasar Borgu da Yawuri, aka ta da mutane fiye da 40,000 daga gidajensu da gonakin kakanninsu aka sake musu matsuguni. Wutar lantarkin da aka samu ta haskaka Legas da Kaduna da Kano. Bayan Kainji an yi ta Jebba, da ta Shiroro, da ta Zungeru. Ƙasar Magama tana gab da wannan tafki na Kainji ta wajen Auna. Ya kamata duk wanda ya kunna fitila a birni ya san cewa akwai manoman da suka rasa fadamarsu kafin wannan haske ya samu.

Darussan Shekarun Baya

Tarihin ƙasar nan ya nuna sau da dama abin da yakan faru in noma ya sami rauni. Farin da aka yi tsakanin 1972 da 1974 ya halaka dabbobi masu yawa, ya kori dubban mutane daga ƙauyukan arewa mai nisa da Jamhuriyar Nijar zuwa birane suna neman abin sawa a baka. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta lalata amfanin shekarar, kuma tun daga lokacin dalar gyaɗa ta Kano ba ta sake komawa yadda take ba. A daidai wannan zamani ne kuɗin man fetur suka yawaita, samari suka bar fartanya suka nufi birane neman aikin albashi da kwangila, ƙasar da take sayar da amfanin gona waje ta koma sayen shinkafa da alkama daga ƙetare.

Gwamnatoci sun yi ƙoƙarin gyara wannan hali. A 1973 aka kafa bankin manoma a Kaduna. A 1975 aka fara manyan shirye-shiryen raya aikin gona a Funtuwa da Gusau da Gombe tare da taimakon Bankin Duniya. A 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, inda aka nemi ma'aikata da 'yan makaranta da sojoji kowa ya yi ɗan lambu, aka kuma tura ɗaliban jami'a ƙauyuka lokacin hutu. A shekarar kuma aka kafa hukumomin raya kogunan ƙasa. A 1978 aka yi dokar mallakar ƙasa. A 1980 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kawo nata shirin na bunƙasa noma. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, aka kuma kafa hukumar samar da abinci da hanyoyi da kayan more rayuwa a karkara. Daga farkon shekarun 1990 aka shiga shirin Fadama domin noman rani.

Wasu daga cikin waɗannan shirye-shirye sun bar alheri, wasu kuwa sun shuɗe tare da gwamnatin da ta kawo su. Darasin da ya fito fili shi ne, shirin da ya isa hannun ƙaramin manomi a kan lokaci shi ne yake yin tasiri. Takin da ya iso a watan Satumba, ko rancen da ya maƙale a hannun wanda ba shi da gona, ba ya ƙara ko dami ɗaya a rumbu.

Akwai kuma darasi na kusa. A ƙarshen watan Fabrairu na 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Badun, ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya kudu, aka tsai da motoci a wajen Jebba. Cikin 'yan kwanaki farashin tumatir da albasa da nama ya yi tashin gwauron zabo a Legas da Badun. A lokaci guda kuma tumatir yana ruɓewa a hannun manoman Arewa don babu mai saye. Kafin mako biyu aka sasanta, motoci suka ci gaba da tafiya. Ɓangarorin biyu duka sun yi hasara, kowa kuma ya ga cewa ba shi da wadata in babu ɗan'uwansa.

Matsalolin Da Suke Gaban Manomi

Babbar matsala ta farko ita ce rashin tsaro. Tun wajen shekarar 2020 hare-haren 'yan bindiga suka addabi ƙauyuka da yawa a ƙananan hukumomin Mariga da Rijau da Mashegu da Magama da sauran sassan Jihar Neja, kamar yadda suka addabi Zamfara da Katsina da Kaduna. An sace shanun huɗa, an kama mutane a gona don neman fansa, wasu garuruwa an tilasta musu biyan kuɗi kafin su yi girbi. Iyalai da dama sun gudo Kontagora da sauran manyan garuruwa. Kowace gonar da aka bari ta zama saura, gibi ne a kasuwar birni bayan wata shida.

Ta biyu ita ce tsadar kayan aiki da rashin tabbas na farashi. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota da na taki da na maganin feshi suka ninka, har Gwamnatin Tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan abinci a watan Yuli na shekarar. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100, mutanen birni suka ji jiki ƙwarai. A 2025 kuwa farashin masara da shinkafa ya faɗi alhali taki bai sauko ba, manoma da yawa suka kasa mai da abin da suka kashe. Tsada tana cutar mai saye, araha mai tsanani kuma tana karya gwiwar mai nomawa. In manomi ya yi hasara bana ya rage gona baɗi, tsadar ta sake komowa kan ɗan birni.

Ta uku ita ce sauyin yanayi. Damina takan makara ko ta ɗauke da wuri, wani lokaci kuma ruwan ya zo da yawa gaba ɗaya. Ambaliyar da ta auka wa garin Mokwa a ƙarshen watan Mayu na 2025 ta kashe mutane fiye da 150, ta kuma taɓa babbar hanyar da abinci yake bi zuwa kudu.

Ta huɗu ita ce hasarar bayan girbi, saboda rashin hanya mai kyau da rashin wurin ajiya. Ta biyar kuwa ita ce ƙaurar samari, waɗanda suke ganin acaba ko talla a birni ya fi duƙawa a gona daraja.

Abin Da Ya Wajaba A Kan Mutanen Birni

Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici. Tukwicin manomi kuwa ana ba da shi ne ta hanyar aiki, ga kuma wasu hanyoyinsa:

1. A daina raina mutumin ƙauye. Kalmar baƙauye da ake jifan mutum da ita don a nuna bai waye ba tana cikin abubuwan da suke sa yaro ya ji kunyar sana'ar ubansa. Ma'aikacin asibiti ko na banki ko na kotu ya karɓi manomi da mutunci kamar yadda zai karɓi mai babbar riga.

2. 'Yan kasuwa su yi awo da gaskiya. Mudun saye ya zama daidai da mudun sayarwa. A guji ɓoye hatsi don a ta da farashi, a kuma guji cin ƙarfin mabukaci ta hanyar falle mai tsanani.

3. A guji almubazzaranci. Abincin da ake zubarwa bayan biki a birni gumin wani ne na wata biyar.

4. Ma'aikacin da aka tura ƙauye, malamin makaranta ne ko na asibiti ko na gona, ya zauna a bakin aikinsa. Ɗan manomi yana da hakkin karatu da magani daidai da ɗan kowa.

5. 'Ya'yan ƙauye da Allah ya ɗaukaka a birni su tuna da gida. Ƙungiyoyin ci gaban gari suna iya haƙa rijiya, su gyara aji, su sayi injin casa, su kuma aika da kuɗin taki tun kafin ruwa ya sauka.

6. A karɓi waɗanda rashin tsaro ya koro da hannu biyu, a taimake su har su sami komawa gonakinsu.

Abin Da Ya Wajaba A Kan Manoma

Zumunci a ƙafa yake, kuma amana tana da ɓangare biyu. Manomi ma akwai abin da ɗan birni yake bin sa:

1. Ya tsabtace amfaninsa. Zuba tsakuwa ko ƙasa ko ƙaiƙayi a cikin buhu don ya yi nauyi ha'inci ne, kuma yana ɓata sunan kasuwar gari gaba ɗaya.

2. Ya kiyaye da maganin ƙwari. Zuba maganin feshi kai tsaye cikin wake yana jawo ciwo har da mutuwa. Saboda irin wannan ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya kasuwanninta a shekarar 2015. Akwai buhu mai leda biyu a ciki wanda yake hana iska shiga, ƙwaro ya mutu da kansa ba tare da magani ba. Malamin gona zai nuna yadda ake ɗaure shi.

3. Ya busar da masara da gyaɗa sosai a kan tabarma ko tamfol kafin ajiya. Hatsin da ya yi funfuna yana ɗauke da dafin da yake lalata hanta, yana kuma hana yara girma.

4. Ya shiga ƙungiyar gama kai. Tun shekarar 1935 akwai dokar irin waɗannan ƙungiyoyi a ƙasar nan, kuma tushensu bai bambanta da aikin gayya da adashi da aka gada ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Manoma ashirin da suka haɗa kai suna iya sayen taki a kan sari, su ɗauki hayar mota ɗaya, su ajiye amfaninsu har farashi ya gyaru.

5. Ya biya rancen da ya karɓa, domin a sami abin ba wani baɗi.

6. Ya zauna lafiya da makiyayi. A bar burtali da mashaya a buɗe, shi kuma makiyayi ya tsare dabbobinsa har a kwashe amfani. Tun da can akwai al'adar Bafillace ya sauka a gona da rani, shanunsa su ci kara su bar taki. In saɓani ya auku, a kai wa mai unguwa ko dagaci ko arɗo kafin ya girma.

7. Ya bar kaɗanya da ɗorawa a tsaye, kada ya mai da su gawayi, ya kuma guji sa wa daji wuta.

Aikin Hukuma Da Shugabanni

Nauyin da yake kan gwamnatoci uku, ta tarayya da ta jiha da ƙaramar hukuma, shi ne tsaron rai da dukiya a gona da kan hanya, da gyaran hanyoyin karkara, da isar da iri da taki kafin shuka, da ƙara yawan malaman gona, da hana karɓar kuɗin haram a shingayen hanya, gama duk abin da aka karɓa a hannun direba a kan mai awo yake ƙarewa. Sarakuna da hakimai da dagatai su ne suka san gonar kowa da iyakarta, saboda haka shirin da aka yi ba da su ba da wuya ya kai ga manomin gaskiya.

Girmama manomi kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A ƙasar Hausa akwai sarautar Sarkin Noma, kuma a al'ada wanda ya noma dami dubu yakan yi biki a san da shi. Musulunci ya ɗora zakka a kan hatsin da ya kai nisabi, kashi ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, kashi ɗaya cikin ashirin ga abin da aka yi wa ban ruwa da wahala, domin mabukaci ya sami rabo tun daga masussuka. Kiristoci suna yin bikin godiyar kaka a majami'u, mutanen kudu maso gabas kuma suna bikin sabuwar doya. A duniya baki ɗaya an keɓe ran 16 ga Oktoba ta zama Ranar Abinci, ana kiyaye ta tun 1981. Ya dace makarantun birni su yi amfani da wannan rana su kai yara gona su ga yadda dawa take fitar da kai, ƙananan hukumomi kuma su raya nunin amfanin gona, a ba wanda ya yi fice kyautar garma ko iri ko taki a gaban jama'a.

Kammalawa

Ana yi wa noma kirari da na-duƙe tsohon ciniki, kuma har yau babu wata sana'a da ta maye gurbinsa. Manomin Ibeto yana bukatar mai saye a Badun da masani a Badeggi da direban da zai haye gadar Jebba lafiya. Su ma dukansu suna jiran abin da zai fito daga rumbunsa. Saboda haka ana kira ga kowane ɗan ƙasa, na birni da na ƙauye, ya duba jerin hakkokin da aka zayyana a sama, ya ɗauki wanda ya shafe shi ya fara aiki da shi tun daga wannan damina. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a kuma tattauna abin da yake ciki a dandali da majalisa da taron ƙungiya.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya zaunar da ƙasar nan lafiya.